Abin da kogo ke mayarwa: fashin baƙi kan binciken sauti a kufan mutanen farko

A kudancin Faransa, a gindin tsaunukan da suka raba ta da Sifaniya, akwai wani kogo da ake kira Niaux. Mai shiga sai ya yi tafiyar kusan mita 800 cikin duhu kafin ya isa wani ƙaton ɗaki mai rufi kamar ƙubba. A bangon ɗakin nan ne aka zana ɓauna da dawaki da awakin dutse da baƙin launi, fiye da shekaru 13,000 da suka wuce. Dogon lungun da ake bi kafin a iso ba shi da irin wannan tarin zane, sai alamomi nan da can. Kuma a wannan ɗakin ne murya ta fi daɗewa tana yawo kafin ta mutu. Shin masu zanen sun zaɓi wurin ne saboda yadda yake amsa murya, ko kuwa faɗin bango da sararin tsayuwa ne suka ja su, amon kuma ya zo a gyara?

An ce gani ya kori ji, kuma a fagen tonon kayan tarihi maganar ta zauna daram. Dutse da ƙashi da gawayi suna nan, ana ɗauka a auna. Sauti kuwa da fitarsa da ɓacewarsa duk ɗaya ne. Abin da ya rage shi ne wurin da aka yi sautin, da kayan da aka yi shi da su, kuma a kan waɗannan biyun wannan fanni yake tsaye.

Abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa

Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa ɗaya idan zafin iska ya kai digiri 20. Kowane digiri ɗaya da aka rage yana rage masa kusan mita 0.6, don haka a kogo mai sanyin digiri 12 gudunsa kusan 338 ne. Masu sauraron rediyo sun san zango da hatz tun daga gajeren zango. Ma'anar ɗaya ce a nan. Hatz shi ne yawan kaɗawar iska a daƙiƙa guda, tsawon zango kuma shi ne gudun sauti a raba da hatz ɗin. Sauti mai hatz 110 zangonsa ya ɗan haura mita 3. Kunnen ɗan Adam yana ji daga kusan hatz 20 zuwa 20,000.

Amsa-kuwwa ita ce sautin da ya bugi bango ya dawo a makare har kunne ya ji shi daban. Ana bukatar jinkirin kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wato bangon ya yi nisan mita 17, zuwa da dawowa 34. Wutsiyar sauti kuma daban: dubban dawowa ne a jere, kusa da juna har suka narke suka zama jan amo guda, irin wanda ake ji a babban masallaci in babu jama'a. Ana auna ta da lokacin da sauti ke ɗauka ya ragu da desibel 60 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Falo mai kujeru da labule yana ba da kusan daƙiƙa 0.4, babban zauren kiɗa kuma kusan daƙiƙa 2. Na uku shi ne ɗaukar amo: ɗaki ya zaɓi wani sauti guda ya kumbura shi fiye da sauran, kamar yadda bakin kwalba ke yi in an busa. Duk rahoton da ya ce wuri "yana da sauti mai ban mamaki" bai faɗi wanne cikin ukun nan ba, bai ce komai ba tukuna.

Daga murya zuwa na'ura

Iegor Reznikoff da Michel Dauvois ne suka buɗe ƙofar a 1988, da aikinsu a kogwannin Niaux, Le Portel da Fontanet. Kayan aikin Reznikoff muryarsa ce. Yana tafe a hankali yana rera sauti daga ƙasa zuwa sama, yana lura da inda dutse ya amsa, sannan a ɗora taswirar amon a kan taswirar zane. Sun ba da rahoton cewa zane ya fi taruwa a inda amo ya fi ƙarfi, har ma a wasu matsattsun lunguna akwai jajayen ɗigo daidai inda murya ke kumbura. Steven Waller a Amurka ya bi sawu ta wata fuskar, yana auna amsa-kuwwa a gaban duwatsu masu zane a fili, irin na kwazazzabon Horseshoe a jihar Utah.

Raunin hanyar a bayyane yake. Mai rerawa yana ganin zanen, kuma ya san abin da yake fata ya ji. Muryarsa ba ta fita da ƙarfi ɗaya sau biyu, wani kuma ba zai iya maimaita gwajin daidai ba. Wannan bai sa abin da ya ji ya zama ƙarya ba, amma bai isa hujja ba.

Yau abin da ake nema shi ne martanin wuri ga bugu guda, gajere ƙwarai. In aka samu wannan, daga cikinsa ake fitar da komai: tsawon wutsiya, lokacin da kowace amsa-kuwwa ta iso, sautukan da wurin ke kumburawa, da yadda magana ke fita tangaran ko a cakuɗe. Hanya mafi arha ita ce fasa balan-balan ko harba bindigar fara tsere. Aibinsu shi ne balan-balan ba ta da ƙarfi a sautuka masu kauri, wato ƙasa da hatz 100 ko makamancin haka, kuma nan ne kogwanni suka fi yin abin sha'awa. Ga shi kuma babu fashewa biyu da suke daidai.

Shi ya sa aka koma ga shara: lasifika ta fitar da sauti mai hawa a hankali daga hatz 20 zuwa 20,000 cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, makirufo ta ɗauka, kwamfuta ta cire ainihin abin da aka fitar, ta bar abin da wurin ya ƙara. Angelo Farina na Italiya ne ya yaɗa wannan salo a shekarar 2000. A ɗakunan zamani ana amfani da lasifika mai fuska 12 domin sauti ya fita ko'ina daidai, a tsayar da ita kusan mita 1.5 daga ƙasa, makirufo kuma a nesanta ta da bango aƙalla mita ɗaya. Ba a cika samun desibel 60 cur ba, don haka ana auna raguwar daga 5 zuwa 35 a ninka biyu, ko daga 5 zuwa 25 a ninka uku. Na farko yana bukatar sautin ya fi hayaniyar wurin da desibel 45, na biyu da 35.

A kogo waɗannan ƙa'idoji sai su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Lungun da faɗinsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, ina za a samu nisan mita ɗaya daga bango? Babbar lasifika ba ta shiga inda mutum ke jan ciki, sai ƙarama mai batir, ita kuma ba ta iya fitar da sauti mai kauri sosai. Laimar iska takan kusa kashi 100, raɓa ta kwanta a kan makirufo ta soma ƙarar ƙarya. Ɗigar ruwa guda a tsakiyar shara tana ɓata ɗauka. Jikin masu aikin ma yana shan sauti: mutum huɗu a ƙaramin ɗaki sun isa su gajarta wutsiyar, saboda haka dole a rubuta yawan waɗanda ke ciki da inda kowa ya tsaya. Sannan masu kula da wurin ba sa barin a daɗe, domin numfashin mutane yana cutar da zane. Dalilin da ya sa aka rufe kogon Lascaux ga jama'a ke nan tun 1963. A fili kuwa iska ce abokiyar gaba, da motoci. Babban titi yana wucewa kusa da Stonehenge, tsohuwar da'irar manyan duwatsu da ke kudancin Ingila, don haka mai son ɗauka mai tsabta sai ya yi sammako.

Gwajin da ya fi kowanne tsauri kan maganar Reznikoff shi ne wanda Bruno Fazenda, Chris Scarre, Rupert Till da abokan aikinsu suka buga a 2017. Sun shiga kogwanni biyar a arewacin Sifaniya: La Garma, El Castillo, La Pasiega, Las Chimeneas da Tito Bustillo. Muhimmin abin da suka yi shi ne auna inda babu zane kamar yadda suka auna inda yake, domin in ba a san yadda bango marar zane yake amsawa ba, babu abin kwatantawa. Sakamakon: akwai alaƙa, amma mai rauni. Ɗigo da layuka sun fi bayyana a inda wutsiyar sauti take matsakaiciya kuma akwai ɗaukar amo mai kauri, ba a inda amo ya fi ko'ina tsawo ba. Ba labari ne mai tashe ba, amma irinsa ake iya ɗora gini a kai.

Wurin da ake aunawa ba shi ne wurin da mutanen dā suka ji ba

Ɗauki La Garma. Zabtarewar dutse ta toshe bakin ƙasan kogon kusan shekaru 16,000 da suka wuce, ba a sake shiga ba sai 1995. Wannan ya adana daɓen kamar jiya aka tashi, ƙasusuwa da kayan aiki a inda aka yar da su. To amma toshewar da ta adana daɓen ita ce ta sauya amon, domin buɗaɗɗen baki yana zubar da sauti waje, rufaffe kuma yana mayar da shi ciki. A wasu kogwannin masu tono sun kwashe ƙasa mai zurfin mitoci, ɗaki ya ƙara girma. An zuba matakala da ƙofar ƙarfe. Duwatsun da ɗigar ruwa ke ginawa sun ƙaru. Kabarin Newgrange a Ailan, wanda aka gina kusan shekara 3200 kafin Miladiyya, an tone shi an sake gyara shi tsakanin 1962 da 1975, har da kankare a wasu sassan. Mai auna sauti a can yau yana auna aikin magina biyu ne, tsakaninsu shekara dubu biyar.

Maganar hatz 110

Babu iƙirarin da ya yaɗu a wannan fanni kamar wannan. A 1996 Robert Jahn, Paul Devereux da Michael Ibison suka auna wasu ɗakunan dutse a Ingila da Ailan, ciki har da Newgrange da Wayland's Smithy, suka tarar dukkansu suna ɗaukar amo tsakanin hatz 95 da 120. Wannan yana cikin kewayon muryar namiji. Daga baya aka samu kwatankwacinsa a ɗakin da ake kira na bokanci a ginin ƙarƙashin ƙasa na Ħal Saflieni a Malta. Sai wani ƙaramin gwaji a Amurka a 2008, da mutum 30, ya nuna ɗan sauyi a aikin ƙwaƙwalwa in an saurari sautin 110. Daga nan labari ya yi fiffike: wai magina na dā sun san wani sirrin sauti mai juya hankali.

A yi lissafi. Tsakanin bango biyu masu fuskantar juna, sautin farko da ke tsayawa ya kumbura shi ne wanda rabin zangonsa ya yi daidai da faɗin ɗakin. Wato a raba 343 da ninki biyu na faɗin. Faɗin mita 1.8 yana ba da hatz 95. Mita 1.5 yana ba da 114. Mita 1.43 yana ba da 120. Ɗaki mai mita 3 kuma yana ba da 57, sannan ninkinsa 114. Ke nan duk wani ɗaki mai bango mai tauri wanda aka gina daidai jikin mutum, ya kwanta ko ya tsaya a ciki, zai ɗauki amo a wannan kewayo. Makewayi mai tayil ma haka yake. Tsawon falalen dutsen da za a iya ɗagawa a rufe ɗaki shi ma yana iyakance faɗin. Aunin na gaskiya ne, kuma wanda ya rera waƙa a can shekaru dubu biyar baya lallai ya ji ƙirjinsa na rawa. Abin da aunin bai nuna ba shi ne cewa don haka aka gina.

Akwai wani nau'in ɗaukar amo da ya fi wannan ban sha'awa. Kabari mai dogon lungu da ɗaki a ƙarshe siffarsa ta kwalba ce: lungun ne wuya, ɗakin ne ciki. Iskar lungun tana kai da kawo kamar toshe, ta ɗakin kuma tana matsuwa tana sakewa. Misali, lungu mai tsawon mita 6 da faɗin baki murabba'in mita ɗaya, a jikin ɗaki mai ɗaukar kubik mita 30, zai yi kaɗawa kusan hatz 4. Aaron Watson da David Keating sun kai ga kusan wannan adadi a kabarin Camster Round a arewacin Sikotland, a aikin da suka buga a 1999. Kunne ba ya jin hatz 4, amma ganga mai bugu huɗu a daƙiƙa tana iya tayar da shi. Wannan bugu 240 ne a minti, kiɗa mai sauri ƙwarai, kuma babu wata ganga da aka tono a wurin.

Stonehenge a kan tebur

Yawancin duwatsun Stonehenge sun faɗi ko an kwashe, don haka auna shi yadda yake yau ba ya faɗin abu mai yawa game da yadda amonsa yake a dā. Trevor Cox da Fazenda na Jami'ar Salford, tare da Susan Greaney, suka gina ƙaramin samfuri, kashi ɗaya cikin 12, mai duwatsu 157, yadda ake jin wurin yake kusan shekara 2200 kafin Miladiyya. Sun buga 27 da na'urar buga siffa, suka yi musu mazubi suka zuba sauran, suka rufe ƙofofin fatarsu da fenti don kada su sha sauti, sannan suka jera su a ɗakin da bangonsa ba ya mayar da amo. Dabarar samfuri ita ce in an rage girma sau 12, sai a ninka hatz sau 12: sautin 1,000 ya zama 12,000, wasu ma su haura abin da kunne ke ji. Matsalar ita ce iska ta fi shan irin waɗannan siraran sautuka, don haka sai an gyara lissafin.

Abin da suka buga a 2020: wutsiyar sauti kusan daƙiƙa 0.6, kuma murya tana ƙaruwa da kusan desibel 4 ga wanda ke cikin da'irar, duk da babu rufi. Babu amsa-kuwwa ta a zo a gani. Wanda ke waje kuwa bai samu wannan ƙarin ba, abin da ke nuna duk abin da ake yi a ciki na 'yan kaɗan ne. Amma da suka sauya jerin ƙananan duwatsun zuwa yadda suke a wani zamanin, bambancin bai kai kunne ya kama ba. Su da kansu suka ce da wuya sauti ne ya ja ragamar tsarin ginin.

Inda hujja ta fi nauyi

Hujja tana ƙarfi ne in kayan kiɗa, da wurin, da wata alama ta uku suka haɗu. Chavín de Huántar a tsaunukan Peru, sama da mita 3,000, shi ne misali mafi kyau. Cibiyar bauta ce ta kusan shekaru 3,000 baya, cike da lunguna na dutse a cikin gini. A 2001 ayarin John Rick na Jami'ar Stanford ya tono ƙahonin busa 20 na ƙaton katantanwar teku a lungu guda, masu ado, da alamar gogewar hannu, kuma har yau suna busuwa. An kawo katantanwar daga gaɓar teku mai nisa. A dandalin da'ira na wurin akwai sassaƙen mutane riƙe da irin wannan ƙaho suna busa. Miriam Kolar ta auna lungunan, ta nuna cewa wata kafa da ta haɗa ɗakin gunkin Lanzón da dandalin tana wuce da sautuka irin na ƙahon, kusan hatz 300, tana danne wasu. Ta kuma shigar da mutane ciki ta gwada ko za su gane daga ina sauti ke fitowa, lungunan suka riƙa ruɗa su. A nan ga abin busa, ga hoton mai busa, ga gini mai dacewa da shi.

Kayan kiɗan zamanin ƙanƙara ma suna nan. Sarewar Hohle Fels a Jamus, ta ƙashin fiffiken ungulu, tsawonta santimita 21.8 da ƙofofi biyar, an tono ta a 2008, kuma ta haura shekaru 35,000. Katantanwar kogon Marsoulas a Faransa ta fi ba da darasi: an same ta a 1931, aka ɗauke ta kofin sha, ta yi zaman shekara 80 da ɗoriya a gidan tarihi na Toulouse. Da aka sake duba ta da na'urar hoton ciki, aka ga an fasa tsininta da gangan, an gyara leɓenta, an ɗiga mata jar ƙasa irin ta bangon kogon. Wani mabushi ya fitar da sauti uku daga cikinta, aka buga sakamakon a 2021. Shekarunta kusan 18,000. Ƙashin Divje Babe na Slobeniya kuwa, wanda aka samu a 1995, har yanzu ana ja-in-ja: sarewa ce, ko haƙorin dabba ne ya huda shi.

Sai duwatsu masu amo, waɗanda a ganina su ne shaidar da ta fi kowace tsayuwa da ƙafarta, domin su ne kayan kiɗan kuma su ne wurin. A nan ne ƙasar Hausa ta shigo tarihin fannin kai tsaye. A 1955 Bernard Fagg ya rubuta labarin irin waɗannan duwatsu a Birnin Kudu, a jihar Jigawa ta yau, dab da duwatsun da ke da zanen shanu, ya buga a 1956, kuma daga nan masu bincike suka soma lura da su a sassan Afirka da wajenta. A Sudan, kafin ruwan madatsar Merowe ya shanye yankin, Cornelia Kleinitz ta rubuta ɗaruruwansu a gaɓar Nilu, da yawa kusa da zanen shanu su ma.

Dutse yana ƙara kamar kuge ne in yana da tauri, babu tsaga a cikinsa, kuma ya zauna a kan 'yan wurare kaɗan ta yadda sauran jikinsa ke sake yana kaɗawa. In ya nutse a ƙasa ko ya tsage, sai ya yi ɗif. Ana gane wanda aka yi amfani da shi ta gurabun bugu: ƙananan ramuka masu santsi a gefe, daidai inda amo ya fi fita, ba a tsakiyar fuska ba inda ake samun ramin niƙa. Mai bincike yana zana kowane gurbi, ya auna faɗinsa da zurfinsa, ya buga kusa da shi da abin da ba zai yi rauni ba, ya ɗauki sautin, sannan ya buga inda babu gurbi don kwatanci. Ana kuma duba ƙasa ko akwai duwatsun bugun da aka yar.

Inda gizo ke saƙar shi ne shekaru. Gurbin bugu ba shi da gawayin da za a kai ɗakin gwaji. Abin da ake da shi shi ne launin fata: tsohon gurbi ya yi duhu ya koma kalar dutsen, sabo kuma fari ne. In makiyaya da yara suna ci gaba da bugawa, kamar yadda ake yi a wurare da yawa, bugun bana yana goge na shekara dubu. Zaman dutsen kusa da zane bai nuna hannu ɗaya ne ya yi su ba, sai in an samu zane ya hau kan gurbi, ko gurbi ya ci zane, ko kuma dutsen bugu a cikin shimfiɗar ƙasa da aka iya sa wa shekaru.